Kalmar "aggressive": yaushe take yabo, yaushe take zargi?

Duk mai bibiyar tallan guraben aiki a Najeriya ba zai rasa cin karo da kamfanin da ke neman "aggressive marketer" ba, kuma galibi kamfanin inshora ne, ko ƙaramin banki, ko masu sayar da filaye. Matashin da ya koyi kalmar a makaranta da ma'anar mafaɗaci yakan tsaya ya yi mamaki, domin babu ɗan kasuwar da zai fito fili ya ce yana neman ma'aikacin da zai riƙa cacar baki da masu sayen kayansa. Kafin mako ya zagayo kuma sai ya ga jaridun Turanci sun siffanta matakin Babban Bankin Najeriya da wannan kalma, ya ji likita ya faɗe ta a kan ciwon wani ɗan uwansa, ya ji mai horar da 'yan ƙwallo yana cewa rashinta ne ya sa aka ci yaransa. A wasu wuraren yabo ce, a wasu zargi ce mai nauyi, a wasu kuma bayani ne kawai wanda babu yabo babu suka a cikinsa. Abin da ke raba su shi ne inda aka nufa da ƙarfin, wato a kan aiki aka sauke shi ko a kan mutum, da kuma wanda zai ɗauki asarar idan aka wuce gona da iri.

Asalin kalmar

Tushenta Latin ne, daga aikatau aggredi, wanda aka haɗa daga ad, mai nufin zuwa ga, da gradi, mai nufin takawa. Ma'anar farko ke nan ita ce takawa zuwa ga wani, kuma tun a Latin ɗin ana iya nufin tunkarar aiki, ana iya nufin far wa abokin gaba. Daga wannan tushe ne Turanci ya samu progress, wato ci gaba, da congress, wato taro. Sunan aggression ya shiga Turanci a ƙarni na 17, siffar aggressive kuma ta bayyana a ƙarni na 18, dukansu da ma'anar fara kai hari ba tare da an tsokane ka ba. An daɗe ana amfani da su a maganar yaƙi da siyasar ƙasashe kafin su gangaro kan halayen mutum ɗaya.

Wannan tsohuwar ma'ana tana nan da ranta, kuma a dokar ƙasa da ƙasa ta fi ko'ina kaifi. Yarjejeniyar kafa Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1945 ta bai wa Kwamitin Sulhu ikon tantance ko wata ƙasa ta aikata aggression, sannan a watan Disamban 1974 Babban Zauren majalisar ya zartar da ƙuduri mai lamba 3314 da ya fayyace ta da cewa amfani da ƙarfin soja ne a kan 'yancin wata ƙasa ko iyakokinta. Ƙasashen ECOWAS sun sanya hannu a Legas a 1978 kan yarjejeniyar hana kai wa juna irin wannan hari. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta samu hurumin shari'ar wannan laifi daga watan Yulin 2018, kuma shugabannin da suka tsara harin ne laifin ke hawa kansu, ban da ƙananan sojoji. Da Babban Zauren ya kaɗa ƙuri'a ranar 2 ga Maris 2022 kan mamayar Rasha a Yukiren, ƙasashe 141 suka goyi bayan ƙudurin da ya kira abin da wannan suna. A nan babu wani ruɗani, fassararta ita ce takala ko cin zali da makami.

Yadda ta zama yabo

Sauyin ya faru ne a farkon ƙarni na 20, kuma Amurka ce ta fi ɗaukar nauyinsa. Zamani ne da kamfanoni ke aika 'yan talla gida-gida da inshora da kekunan ɗinki da littattafai, harshen kasuwanci kuma ya cika da aron kalmomin yaƙi: talla ta zama kamfe, masu saye suka zama abin hari, kasuwa ta zama fagen da ake ƙwata. A cikin irin wannan yanayi, mutumin da ke fara takawa ba ya jira a kira shi ya zama abin so. Zuwa shekarun 1930 an riga an saba jin an ce wane "aggressive businessman" ne ana nufin mai zafin nema ne. Manyan ƙamusoshin Turanci na yau suna jera ma'anonin biyu ɗaya bayan ɗaya, ta farko mai saurin faɗa ko barazana, ta biyu mai aiki da ƙarfi da ƙudurin sai ya cim ma buri.

Wasanni sun taimaka wajen wanke kalmar. Lokacin da Jurgen Klopp ke horar da Liverpool daga 2015 zuwa 2024, masu sharhi sun yi ta siffanta salonsa da ita, suna nufin yadda 'yan wasansa ke rufar wa abokin karawa da zarar ƙwallo ta kuɓuce musu, ba su ba shi damar numfashi. Amma a filin nan guda, ɗan wasan da ya kai wa ƙafar wani hari da ƙarfin da ya wuce kima jan kati zai gani. Dokar ƙwallo ta ja layin da harshen yau da kullum ya bari a buɗe.

Ba ko'ina yabon ya yi ƙarfi daidai ba. A Amurka an fi sakin jiki da shi, har lauyoyi na tallata kansu da kalmar a allunan bakin titi, suna nufin ba za su sassauta wa abokin shari'arka ba. A Ingila kuwa, idan aka ce wa abokin aiki ya yi aggressive a wurin taro, kusan ko da yaushe ƙorafi ne. Mutanen Nijar da suka san agressif a Faransanci su ma sun fi saba jin ta da ma'anar faɗa, ko da yake harshen kasuwanci a can ma yana aro ta don farashi da talla. Turancin ofis a Najeriya ya fi karkata ga salon Amurka a wannan gaɓa.

Mai son ganin ma'anonin biyu a wuri ɗaya ya leƙa tashar mota. Ɗan kamashon da ya hango matafiyi tun daga bakin ƙofa, ya taho da sauri yana cewa "Alhaji, Kano ne? Saura mutum ɗaya mu tashi", ya yi abin da masu tallan aiki ke nema. Wanda ya fizge jakar matafiyin daga hannunsa ya jefa a but kafin a yi ciniki, sannan ya tsaya ya tare hanya, shi ma Bature zai kira shi da kalmar nan, amma da ɗaya ma'anar. Taku ɗaya ne tsakaninsu, kuma fasinja ne ya fi kowa sanin inda aka ƙetare.

Inda ba yabo ba ce ba kuma zargi ba

A asibiti kalmar na siffanta saurin ciwo ne. Idan likita ya ce ciwon daji aggressive ne, yana nufin yana girma da sauri kuma yana saurin yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki. Iyalai da yawa kan ɗauka hukuncin mutuwa aka yanke, alhali ba haka maganar take ba a kowane hali. Misali shi ne dajin da ake kira da sunan Denis Burkitt, likitan fiɗa ɗan Ireland da ya bayyana shi a Uganda a 1958, wanda ya fi kama yara a yankunan Afirka masu yawan zazzaɓin cizon sauro, kuma yakan fito da kumburi a muƙamuƙi ko a ciki. Yana cikin mafiya saurin girma da aka sani, amma kuma yana jin magani sosai idan aka fara da wuri. Saƙon da kalmar ke ɗauke da shi a nan shi ne kada a yi jinkiri. Idan kuma maganin aka siffanta da ita, ana nufin za a ba da mai ƙarfi ko a haɗa hanyoyi da yawa lokaci guda, tare da wahalar da hakan ke jawo wa jiki.

A harkar kuɗi ma girman mataki da saurinsa ake nufi. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a Maris 2022 zuwa sama da kashi 5 cikin 100 a Yulin 2023, kuma kusan kowace jarida da wannan kalma ta siffanta matakin. Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ɗaga nasa daga kashi 18.75 zuwa 22.75 a zama ɗaya a Fabrairun 2024, ya ci gaba da ƙari har ya kai 27.50 a Nuwamban shekarar, yana neman shawo kan hauhawar farashin da ta haura kashi 30. Ɗan jaridar da ya kira wannan aggressive bai goyi baya ba bai kuma soki ba, ya dai ce an yi abin gadan-gadan. Ko matakin ya dace ko bai dace ba wata muhawara ce dabam, tsakanin masu ganin sai da haka naira za ta tsaya da masu masana'antun da rance ya gagare su.

Makusantan kalmar

Turanci na da wasu kalmomi da ke zagaye da wannan, kuma bambance su na rage ruɗani. Assertive ita ce wadda masana halayyar ɗan Adam suka ware tun tsakiyar ƙarni na 20 don mutumin da ke faɗin abin da yake so a fili, ya tsaya kan haƙƙinsa, ba tare da ya taka na wani ba. A koyarwarsu hanyoyi uku ne: mai haɗiye magana a cuce shi, mai faɗin tasa ya saurari ta wani, da mai danne kowa don tasa ta wuce. Ta ukun ce suka bar wa aggressive. Saboda haka a bakin mai ba da shawara kan zaman aure ko tarbiyyar yara, kalmar ba ta taɓa zama yabo.

Pushy kuwa suka ce zalla, mai nacin da ya kai ga gundura, irin wanda ake ɓuya idan an hango shi. Ambitious tana nufin mai dogon buri, kuma ita ma ta yi irin wannan tafiya daga zargi zuwa yabo, domin tushenta na Latin zagayen neman ƙuri'a ne, kuma an daɗe ana ɗaukarta a matsayin kwaɗayin mulki. Akwai kuma passive-aggressive, wadda likitocin ƙwaƙwalwa na sojan Amurka suka fara amfani da ita a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu kan sojojin da ba su ƙin umarni a fili, amma su yi ta jan ƙafa da ɓata rai da mantuwar gangan. Bahaushe ya san wannan hali sarai a cikin gaba da habaici da gugar zana, da kuma "to" ɗin da ba a yi niyyar cikawa ba.

Hausa ba ta tara waɗannan halaye a kalma ɗaya ba, ta rarraba su ne. A gefen yabo akwai himma da ƙwazo da zafin nama da kazar-kazar, a gefen suka akwai zafin kai da tsokana da zaƙewa da zalama. Naci ne kaɗai ke tsaye a tsakiya yana kallon kowane ɓangare. Karin maganarmu ma ta kasu, an ce himma ba ta ga rago, an kuma ce zafin nema ba ya kawo samu.

Masu kare ta da masu sukarta

Masu kare ma'anar yabo suna cewa kasuwa ba ta jiran mai kunya. Sabon kamfanin da ke son shiga tsakanin manya dole ya karya farashi, ya yi talla ba ƙaƙƙautawa, ya bi masu saye har inda suke, kuma mai saye ne ke cin ribar wannan gasa. A ganinsu kalmar ta riga ta rabu da asalinta kamar yadda kalmomi da yawa suka rabu, kuma babu wanda ke tunanin duka idan ya ji ta a ɗakin taro.

Masu suka suna cewa ba ta rabu da asalin nata ba, ta dai sa riga ne. Hujjarsu ita ce idan shugaba ya yi ta yaba wa ma'aikata da kalmar da ba ta ambaci iyaka ba, to ya ba su lasisin tsallake iyakar. Misalin da suka fi kawowa shi ne na bankin Wells Fargo a Amurka, wanda hukumomi suka ci tararsa dala miliyan 185 a 2016 bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe asusu kusan miliyan 2 da sunan mutane ba da saninsu ba, don su cika adadin da aka ɗora musu. Bankin ya kori ma'aikata kimanin 5,300, amma binciken da ya biyo baya ya nuna matsin daga sama ya fito. Haka nan idan masu binciken kuɗi suka ce lissafin kamfani aggressive ne, ladabi suke yi, abin da suke nufi shi ne ana taka bakin layin haram.

Inda muhawarar ta fi zafi shi ne batun mata. Ann Hopkins ma'aikaciya ce a kamfanin akantoci na Price Waterhouse wadda ta taimaka wajen samo masa kwangilar kusan dala miliyan 25 daga ma'aikatar harkokin wajen Amurka. A cikin mutum 88 da aka gabatar don zama abokan tarayya a kamfanin ita kaɗai ce mace, kuma a 1983 aka jingine batunta. Gaskiya ne cewa har masu goyon bayanta sun ce tana da tsanani ga na ƙasa da ita kuma ba ta da haƙuri. Amma shawarar da aka ba ta ita ce ta gyara tafiyarta da maganarta da suturarta su zama irin na mata, ta riƙa kwalliya, ta sa 'yan kunne da sarƙa. A 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta ce yanke wa ma'aikaci hukunci bisa yadda ake ganin ya kamata jinsinsa ya kasance wariya ce. Alƙali William Brennan ya bayyana tarkon da kyau: ma'aikatar da aikinta ke buƙatar wannan hali amma take ƙyamarsa a wurin mata ta sa su a tsaka mai wuya, in sun nuna shi su rasa aiki, in ba su nuna ba su rasa. Wani nazari da aka buga a 2011 kan tallan guraben aiki ya kuma gano cewa tallan da aka cika da kalmomi irin wannan ba ya jan hankalin mata kamar wanda aka rubuta da wasu kalmomin, ko da aikin iri ɗaya ne. Saboda haka wasu manyan kamfanoni suka fara cire ta daga tallansu, abin da wasu ke gani a matsayin gyara, wasu kuma ke cewa sauya kalma ba ya sauya yanayin aikin.

Abin da ya shafi mai neman aiki da mai saye

Ga mai neman aiki a Najeriya, kalmar a cikin talla alama ce da ya kamata a karanta da kyau. Tun bayan haɗe bankuna na 2004 zuwa 2005, lokacin da Charles Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokacin, ya ɗaga jarin da ake buƙata daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 har bankuna 89 suka koma 25, gasar neman masu ajiya ta sa aikin talla ya zama na taget, wato adadin kuɗi ko na mutanen da dole ma'aikaci ya kawo a wata. Idan talla ta ce ana neman mai wannan hali, yawanci ana nufin yawon rana, da taget, da albashin da babban kasonsa kamasho ne. Tambayoyin da suka dace a wurin ganawa su ne nawa ne tsayayyen albashi, nawa ne taget, wa ke biyan kuɗin mota da na kira, kuma me ke faruwa da wanda bai cika ba wata biyu a jere. Ga wanda aka tarbiyyantar da kunya da kara, yana da amfani ya san cewa ba rashin ladabi ake nema ba, ana neman wanda zai fara sallama, ya gabatar da kayansa, ya sake dawowa bayan an ce masa sai wani lokaci. Wanda kuma ke rubuta takardar neman aiki zuwa Ingila ko wata ƙungiyar agaji ta duniya, gara ya kauce wa siffanta kansa da kalmar, ya faɗi abin da ya yi da adadinsa.

Ma'aikacin da ke da asusun fansho ma zai gamu da ita. Tun Yulin 2018 hukumar PenCom mai kula da harkar fansho a Najeriya ta raba kuɗin fansho zuwa rukunoni, kuma rukuni na ɗaya, wanda kamfanonin fansho kan kira aggressive, shi ne aka yarda a zuba mafi yawan kuɗinsa a hannun jari da makamantansu, har zuwa kashi 75 cikin 100 a lokacin da aka fara tsarin. Ba a sa kowa a ciki sai ya nema da kansa, kuma sai wanda bai kai shekara 50 ba. Ma'anar a nan ita ce ribar na iya yin yawa, faɗuwar ma haka, shi ya sa aka hana wanda ya kusa ritaya.

Ga mai saye kuwa, doka ta riga ta zaɓi ɓangare. Tarayyar Turai ta haramta abin da ta kira "aggressive commercial practices" tun 2005, ta kuma fassara shi da takurawa da tilastawa da amfani da galaba a kan mutum har ya sayi abin da da bai saya ba. Dokar gasa da kare masu saye ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta hana tursasawa da takurawa wajen talla da wajen karɓar kuɗi. Manhajojin ba da rance a waya sun nuna yadda abin ke kasancewa idan babu birki: mutum ya ci bashin naira dubu 10 ya yi jinkirin kwana biyu, sai surukansa da limamin unguwarsu da shugabansa a wurin aiki su samu saƙon cewa ɓarawo ne. A harshen kamfanonin wannan "aggressive recovery" ne. A 2022 hukumar FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas ta kuma wajabta musu rajista, sannan daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobin waya da hotunan masu cin bashi. Wanda aka yi wa irin wannan tozarci yana da damar ajiye saƙonnin a matsayin shaida ya kai ƙara hukumar, ko da kuwa bai gama biyan bashin ba.